Nasaran da Bai Taya Dokin Kawu Ba

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin cewa Nasara za su kwashe dawakin gari su ba sojojin da za su yi arewa, ina ƙaramin komi, wato akawu, a gidan waya na Damagaram. Aikina bai wuce sayar da tambur na wasiƙa ta taga da jera wasiƙu ba, amma da yake na yi lakwal, makarantar Nasara, a unguwarmu ta Zango ana yi mini kallon wanda ya san abin da ke cikin kan kumandan, Nasaran da ke mulkin garin. Ban san komai ba. Abu ɗaya na ƙware a kansa, wato zargi, domin a wurin aikin nan kowa na kai maganar kowa.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon bafatake ne, asalinsu Barno. Raƙumansa sun ƙare, ƙafa ta fara ba shi wahala, abin da ya rage masa doki ɗaya ne a turke: akawal, baƙi ƙirin, da ɗan fari a goshi. Niyyarsa ya sayar da shi ya sayi gona a bayan gari, ya zauna ya ci tsufansa ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba. In kuwa aka riga shi aka ƙwace dokin, abin da za a damƙa masa ko jaki ba zai saya ba.

Ya kai maganar wurin dillalai, suka yi masa dariya a fakaice. Wa zai sayi doki yau a karɓe masa gobe? Mutum ɗaya ne ba za a taɓa dokinsa ba, shi ne Nasara. Su kuwa Nasara ba sa zuwa kasuwar dabbobi. Akwai wani allo a barandar gidan waya inda suke liƙa takardunsu: wannan zai koma ƙasarsu yana sayar da gado, wancan yana neman sirdi. Kawu ya ji labarin allon, ya aiko a kira ni.

"Kai da ka iya bakinsu," ya ce, "rubuta masu. Zauna in gaya maka abin da za ka sa."

Ya fara daga kakan dokin. Ya faɗi garin da aka haife shi, da ranar da ya wuce dawakin wani ayari duka, da yadda gashin wuyansa ya nannaɗe ta gefen alheri, da cewa tun da ya shigo gidan ba a yi rashi ba. Na juya duk wannan da Faransanci, ya cika takarda gaba da baya, har sai da na rasa ta wane gefe zan liƙa. Kwana huɗu tana kan allo. Mutum ɗaya na ga ya tsaya a kanta, wani sarzan, ya karanta layi biyu ya kira abokinsa suka yi ta dariya. Na ji kunya har cikin raina, na kuma ji haushin Kawu, ko da yake ni ne na riƙe alƙalamin.

Sai na tsaya na karanta takardun da ke kusa da tamu, waɗanda nake ganin ana cire su da wuri saboda kayan sun sami mai saye. Babu wadda ta wuce layi biyar. Mene ne, shekararsa nawa, girmansa, halinsa, kuɗinsa, a ina za a gani. Babu yabo ko kaɗan. Na koma na shaida wa Kawu cewa Nasara ba ruwansa da kakan doki, tsawonsa yake son ji. Na fito da igiya zan auna daga kofato zuwa doro, ya riƙe mini hannu.

"A'a. Mai rai kake aunawa da igiya? Ai sai gawa."

Sai da na bari ya shiga alwala na auna a gurguje, na ƙulla igiyar na sa a aljihu, washegari na gwada ta da ma'aunin gidan waya. Shekaru kuwa ya buɗe mini bakin dokin ya nuna mini haƙora. Ya kuma dage sai na rubuta cewa dokin yana ƙin tsallake ruwa, don ɓoye aibi haramun ne. Na ce wannan zai kori mai saye. Ya ce in rubuta. Na rubuta ina guna-guni, kuma daga baya na gane layin nan shi ya fi kowane layi sa a yarda da takardar.

Inda muka fi daɗewa shi ne layin ƙarshe. In na sa unguwa da gida, na nuna wa masu ƙwace ƙofa da hannuna. In ban sa ba, mai saye ina zai nufa? Na yanke shawarar in rubuta: a tambayi komin da ke taga. Kawu ya ji daɗin wannan. Ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta, tunda duk mai son dokin sai ya bi ta wurin ɗansa.

Daga ranar da na liƙa sabuwar takardar ban ƙara samun sukuni ba. Duk wanda ya tsaya gaban allo sai in bi shi da ido. Wani gardi, dogarin kumandan, ya jingina a wurin rabin yini, na tabbata an turo shi ne, alhali na san ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba, inuwa yake sha. Tafintan kumandan ya leƙo ya ce, "Dokin wa ake sayarwa haka a ɓoye?" Na ce wani baƙo ne ya bar takardar. Ya yi murmushi, murmushin ya hana ni cin abincin rana.

Kwana na uku da hantsi wani Nasara ya zo taga. Siriri ne, rana ta ƙona masa wuya, ba kayan soja a jikinsa, ban kuma taɓa ganinsa ba. Bai gaishe ni ba. Ya nuna allo ya ce dokin nan yana nan? Na ce wataƙila. Ya zaro ƙaramin littafi da fensir daga aljihu. Ya tambayi ko an yi masa dandaƙa, ko yana jure tafiyar yini, me ake ba shi. Ina amsawa yana rubutawa. Da ya zo kan maganar ruwa ya ɗaga kafaɗa, ya ce inda za shi ba ruwan tsallakewa. Sannan ya ce kuɗin ya yi masa, in kai shi ya gani yanzu.

Nan na fara zarginsa. Na tashi a gidan fatake, na ga cinikin doki tun ina yaro. Mai saye na gaskiya yakan zo kamar ba doki ya kawo shi ba. Ya gaisa, ya zauna, ya tambayi iyali, ya kalli dokin ta wutsiyar ido ya ce ƙafarsa ta baya kamar ba daidai ba. Ya taya da abin da zai ɓata maka rai, ka ce albarka, ya tashi ya tafi, ya turo dillali bayan kwana biyu. Haka mai fitar da kuɗi daga aljihunsa yake yi, don kuɗin na yi masa zafi. Wannan kuwa bai kushe ba, bai taya ba, ga shi yana rubuta komai a littafi kamar masu ƙidayar lanho, wato haraji. Na ce a raina, wanda bai nemi ragi ba ai bai yi niyyar biya ba.

Na dube shi na ce na tuna, jiya da yamma aka sayar. Ya ɗan tsaya yana kallona, ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya fita. Da ya yi nisa na je na cire takardar daga allo. Ranar na koma gida ina jin kaina gwarzo, sai dai ban gaya wa Kawu ba, don kada in tayar masa da hankali.

Bayan kwana biyu na ga Nasaran a kan hanyar Takieta, bisa wani bikili na wani mahauci a unguwar Birni, dokin da bai kama ƙafar namu ba. Na tambayi mai gadinmu ko wane ne. Ya ce ma'aikacin waya ne, sabon zuwa, shi aka ba duba turakun waya na layin yamma. Mahaucin ya faɗi kuɗi, Nasaran ya biya nan take, har mutane na cewa mahaucin ya yi sa'ar wawa. Ashe haka wasunsu ke ciniki. Ashe ma a ma'aikata ɗaya muke da shi.

Ban sake liƙa takardar ba, don ba a ba ni lokaci ba. Ranar Laraba gardawa suka shigo Zango da mai unguwa a gaba, suna bi gida-gida suna kwance dawaki. Ba su buƙaci takardata ba. Kowa a unguwar ya san turken nan, ni kaɗai nake zaton ina ɓoye shi.

Da na taso daga aiki na tarar da Kawu zaune a kan buzu kusa da turken, ga sauran harawa a ƙasa. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya matsa mini wuri na zauna.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗana," ya ce. "Amma duk kwanakin nan, ko mutum ɗaya bai tambaya ba?"

Na kalli ƙasa. Na ce, "Babu kowa, Kawu."

Ya gyaɗa kai ya sa mini albarka. Gonar bai saye ta ba, a ɗakin zauren gidanmu ya ƙare kwanakinsa, kuma har ya rasu yana gaya wa baƙi cewa Nasara ba su san doki ba.