Takardar da ke aljihun Baba

Kowa a Karofane cewa yake yi Inna ce ta ƙi muƙamin shugabar makaranta saboda son gidanta. Mata har misali suke yi da ita a wurin suna: ga mai haƙuri, an ba ta girma ta zaɓi miji. Ƙarya ce. Inna ba ta ƙi komai ba, ba ta ma san an ba ta ba.

Tun kafin a haife ni take koyarwa. Alli ya cinye mata hannu. Ta dama kunu, ta share gida, ta tafi lakwal, makarantar da take koyarwa, da goyo, ta dawo ta ɗora tuwo. Da gurbin shugabar makaranta ya buɗe a Babankatami ta kai dosiyenta, takardun neman muƙamin, ofishin ilimi na Bouza. Amsa ta fito, sai wani ma'aikacin ofishin ya gamu da Baba ranar kasuwa, ya yi masa barka, ya miƙa masa ambulan. Haka ake yi a wurinmu, saƙon matar aure a hannun mijinta ake sa shi, wai ladabi ne. Baba ya zura shi a aljihu. Aka koma makaranta, Inna ba ta bayyana a Babankatami ba, aka ba wani.

Ni na tsinto takardar bayan girbi, ina zazzage babbar rigarsa zan wanke. Na karanta ta da ƙarfi a tsakar gida.

"Baba, mi ne ne wannan?"

"Ke da kika yi boko, ni za ki tambaya? Mantuwa na yi."

"Wata uku kana mantuwa?"

"To in ta tahi, wa zai yi min tuwo? Ke? Tuwon naki da ko akuya ba ta ci?"

Inna tana tankaɗe. Ta goge hannu a zane, ta karɓi takardar, ta karanta har sau biyu, ta ninke. Abin da ta ce kawai: "Ɗiyata, rage murya, maƙwabta na ji."

Wannan ya fi ƙona min rai. Don na taɓa buɗe kayenta, littafin da take shirya darasi a ciki, na ga shafin ƙarshe cike da sa hannunta, tana gwajin wanda za ta riƙa yi in ta zama shugaba. Mace mai furfura, kamar ƴar aji ɗaya.

Na yi kwana biyu ba na gaida kowa. Ran na uku na tambaye ta ko za ta sake nema. Da la'asar na tarar da mabuɗin akwatin takardunta a kan tabarmata.

Don haka bana ni zan kai dosiyen Bouza. Duk ranar kasuwa ina bakin ofishin nan har amsa ta fito, in karɓa da hannuna in sa a nata. Baba kuwa ya fara sabawa da tuwon da akuya ba ta ci.