Ragunan Ranar Lahadi

Shekara goma sha ɗaya muka yi a garin Greenbelt na ƙasar Amurka, a hawa na uku na wani gidan haya. Da aikina ya koma gida, ya zama sau ɗaya a mako nake leƙa ofis, sai maiɗakina ta ce ita fa ta gaji da shuka tumatir a bokiti. Muka yi ta nema har muka dace da wani tsohon gida a kudancin Maryland, mai fili a bayansa, tafiyar awa ɗaya da rabi daga birni idan hanya ta yi kyau.

Dillalin ya ce mana maƙwabtanmu Amish ne. Kiristoci ne manoma, waɗanda ba sa tuƙa mota, ba sa jawo wutar lantarki gidajensu. Keken doki suke hawa, da doki suke noma. Gonar da ke jingine da filinmu ta wani dattijo ce mai dogon farin gemu ba gashin baki, kullum da malfa a kansa. Kwana uku da tarewarmu ya tarar da ni ina fama da ƙasa da shebur, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ya tsaya a bakin shinge yana kallona. Washegari da safe sai ga shi da dawakai biyu da garma. Kafin hantsi ya kifar da filin duka.

Tun daga ranar nake ce masa Baba, shi kuma yana ce mini maƙwabci. Duk wanda ba nasu ba Ingilishi suke kiransa, har da ni, baƙin Bazazzage. Da na gaya wa yayana a waya, dariya ya yi har da tari.

Matarsa ita ke gasa burodin da suke sayarwa a wata 'yar rumfa a bakin hanya. Ta shaƙu da maiɗakina da wuri. Ita ta aiko da burodi da man shanu, tamu ta mayar da kwanon da waina ko dambun nama. A jikin rumfar akwai allo da aka rubuta da hannu cewa ba ciniki ranar Lahadi. Kullum sai na wuce ta gabansa, don haka ba zan ce ban sani ba.

Baba yana kiwon tumaki. Sallar Layya ta farko da muka yi a can, a wurinsa na sayi rago, na yanka a bayan gidana. Na ɗauki hoton ragon na tura guruf ɗin 'yan uwanmu na arewa da ke zaune a Germantown da Sterling da sauran unguwanni. Nan take aka yi ca. Kowa yana cewa, "Injiniya, baɗi da mu." Ni kuma abin ya yi mini daɗi. Shekara da shekaru ina cikin mutanen nan ba wanda ya taɓa buƙatar wani abu a wurina, yau ga ni na zama mai hanyar raguna.

Da shekara ta zagayo, gida tara suka ba ni suna. Na je na samu Baba, muka zaɓi raguna tara, ya shafa musu shuɗin fenti a baya. Sai na ce masa bisa dukkan alamu Sallar ranar Lahadi za ta kama.

Ya ce, "To, ku ɗauke su Asabar, ko ku bari sai Litinin. Ranar Lahadin nan ma a gidana jama'armu za su yi ibada."

Su ba su da ginin coci. Gida-gida suke zagayawa, kuma sai a daɗe kafin layi ya sake zuwa kan mutum. Mako biyu ina ganin iyalinsa suna share babban siton da suke ajiye ciyawa, suna wanke tagogi, suna jera bencuna.

Na ce, "Ba komai, Baba. Asabar zan kwashe su."

Ban kwashe ba. Shingen da na ce zan gyara don in tsare su ban gyara ba, ranar Asabar kuma na tafi Sterling cefanen Sallah, na biya gidan wani aboki, hira ta yi daɗi, cunkoson motoci ya ƙarasa cinye ranar. Na san ana iya yin layya a rana ta biyu. Abin da ya rage kawai in rubuta a guruf cewa sai Litinin. Na ɗauki wayar, na tuna yawancinsu suna da aiki Litinin, na tuna yadda za a ce Injiniya ya cika baki ya kasa. Sai na rubuta, "Komai ya kammala. Daga masallacin Idi ku wuto gidana."

Maiɗakina ta gani a tata wayar. Ta ce, "Abban yara, ba gobe ce ranar taronsu ba?"

Na ce, "Ta baya za mu bi, ta makiyaya. Minti goma mun gama. Ba wanda zai ma san mun shiga."

Ta ce, "Ni dai da ka bari."

Na ce ta bar mini, na san abin da nake yi.

Wajen sha ɗaya na safe motoci bakwai suka biyo ni daga masallaci, maza da manyan riguna, mata, yara cike da murna. Kekunan doki sun fi ashirin a harabar Baba, an kwance dawakan an ɗaure su a jere a jikin wata doguwar igiya kusa da garken tumaki. Daga cikin siton ana jin waƙarsu ta ibada, a hankali, ana jan kowace kalma. Wani Alhaji daga cikinmu, mutum mai shekaru, ya tsaya ya saurara, ya ce, "Injiniya, mutanen nan ibada suke yi fa. Ka tabbata sun yarda?"

Na ce, "Mun yi magana da shi, Alhaji."

Mu shida muka tsallaka shinge. Ragunan farko uku ba su ba mu wahala ba. Na huɗun ya fizge daga hannun wani, ya bi ta ƙofar garken da ni da kaina na bari a buɗe, sauran suka rufa masa baya. Yaranmu da ke kallo daga filina suka ɗauki ihu da shewa. Wani ya danna hon, wai ko zai tare su. Ragunan suka kutsa ƙarƙashin dawakai. Wani baƙin doki ya miƙe da ƙafafun gaba, ya tsinke igiyarsa.

A daidai lokacin matar Baba ta fito daga kicin, inda ta je duba abincin da za a ci bayan ibada. Ita ce mafi kusa. Ta saba da dawakai tun tana ƙarama, don haka ba ta gudu ba, ta kai hannu za ta kama ragamar. Dokin ya juya ya bangaje ta da kafaɗa, ta faɗi a kan hannunta na dama a kan simintin bakin rijiya. Daga inda nake na ji ƙarar.

Waƙar ta tsaya. Maza suka fito cikin baƙaƙen kaya, ba wanda ya ɗaga murya. Samari biyu suka kama dokin, wasu suka kora ragunan. Mu kuwa muna tsaye cirko-cirko da manyan rigunanmu, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Akwai likita a cikinmu, abokina tun muna jami'a. Shi ya yi ƙarfin halin matsawa, ya nemi izini, ya duƙa ya duba. Ya ce wuyan hannun ya karye, kuma ba wuri ɗaya ba.

A motata muka kai ta asibiti, Likita a gaba, Baba da ita a baya. Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya kawai, da na faɗa wani rami, na ji ta ja numfashi ta haƙora.

Muna zaune a wurin jira, Likita ya shiga ciki da ita, na juya na ce wa Baba, "Ban san yau za su zo ba. Na ce musu Litinin, sai kawai na gan su."

Ban shirya wannan maganar ba, fitowa ta yi. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da juya malfarsa a kan gwiwa.

An yi mata aiki, an sa ƙarfe. Hannun ya warke, amma yatsu uku ba sa dunƙulewa. Surukarta ce ta karɓi gashin burodin. Maiɗakina ta riƙa zuwa tana taya su wanke-wanke da tsinkar wake, ta dawo ba ta ce mini komai. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Naman layyar shekarar, wanda a ƙarshe Litinin ɗin aka yanka, ban iya cinsa ba. A guruf kuwa an yi kwana biyu ana jaje, daga nan aka koma hirar ƙwallo.

Baba bai canza mini ba ko kaɗan. Yana ɗaga mini hannu in na wuce. Da kabewarsa ta nuna, ya ajiye mana biyu a bakin ƙofa. Ni ne na canza. In na hango kekensa a gaba sai in rage gudu har ya shige kwana. Na koma bin wata hanya mai nisa don kada in wuce ta gaban rumfar. In na yi sallama daga sallah na ɗaga hannu ina istigfari, sai in tuna karatun da aka yi mana tun muna yara, cewa haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe.

Sai da kaka ta yi, suna yankan masara, na iske shi shi kaɗai yana gyaran linzami a bakin sito. Na gaishe shi, na tsuguna. Na ce, "Baba, abin da na faɗa maka a asibiti ba gaskiya ba ne. Ni na ce su zo. Na san ranar ibadarku ce. Ni na buɗe ƙofar garken kuma."

Bai ɗago ba sai da ya gama huda fatar. Ya ce, "Na sani, maƙwabci."

Na ce, "Ka sani?"

"Abokinka likita ya ba ni haƙuri a ranar. Ya ce da sun san ban yarda ba da ba su zo ba, kai ka ce musu mun shirya."

Wata huɗu ke nan. Duk ɗaga hannun nan, duk kabewar nan, yana sane. Na ce, "Me ya sa ba ka yi mini magana ba?"

Ya ce, "Maganarka ce, ba tawa ba. Na dai yi ta fatan za ka kawo ta." Sannan ya ce, "Mun yafe tun a mota. Haka aka umarce mu. Ban ce da sauƙi ba ne."

Ya miƙo mini ƙarshen fatar ya ce in riƙe masa. Na riƙe har ya gama ɗinki. Da bazara ta zagayo ya sayar da tumakin gaba ɗaya, ya ƙara shanun madara. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Abin da ban yi ba har yau shi ne neman gafarar ita mai hannun. A al'adarsu namiji ba ya tsayawa doguwar magana da matar wani, mu ma haka muka taso, kuma a bayan wannan na laɓe. Na ce wa kaina ai mijinta ya ce "mun yafe", da ita a ciki. Maiɗakina ta ce in na shirya za ta raka ni, ba sai na yi dogon bayani ba. Sau biyu na sa rana, sau biyu wani aiki ya taso, ko na taso da shi.

Makon jiya na gan ta tana shanya. Ta riƙe maƙalan shanyar a baki, tana ɗaga rigar da hannun hagu, tana danne ta a igiya da bayan na dama. Na rage gudu har motar ta kusa tsayawa. Ta juyo, ta gane ni, ta gyaɗa mini kai da maƙalan a bakinta. Na ɗaga mata hannu, na wuce.