Zanen da ke tsakar kan tsuntsun

Shekarun baya ina tuƙa wani dattijo a Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gandun daji. Duk Asabar da sassafe nakan kai shi bakin kogi ta wajen Malali, ya zauna da madubin hangen nesa da littafin da yake rubuta kowane tsuntsun da ya gani. Da yanar ido ta kama shi, sai madubin ya dawo hannuna. Ni in duba in faɗa, shi ya rubuta.

Wata safiya na hango wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa, mai zane-zane a baya, yana laɓe a ciyawar bakin ruwa. Ina cikin kwatanta shi sai maigidana ya gyara zama. Ya ce iri biyu ne masu kama da juna. Ɗaya yana zuwa duk shekara. Ɗayan yana da zane rawaya a tsakar kai, kuma tun yana aiki yake nemansa bai dace ba.

"Akwai zanen ko babu?"

Ni fa mutum ne da in na kulle mota sai na koma sau uku na taɓa ƙofar. Kamar na ga zanen, amma tsuntsun ya shige ciyawa. Na ce, "Baba, ban tabbata ba." Ya rufe littafin.

A gida matata ta ce da na ce akwai kawai tsoho ya ji daɗi, wa zai je ya tambayi tsuntsu? Na ce ai shaidar zur ke nan, kuma a rubuce. Ta yi dariya, wai ba ta taɓa jin an kai mutum kotu kan tsuntsu ba. Duk da haka na kasa cin abinci sosai. In tsuntsun ya tashi ya tafi fa? Na hana bawan Allah abin da ya daɗe yana jira.

Kullum muka riƙa komawa. A rana ta huɗu tsuntsun ya hau kan kara, ya sunkuyar da kai yana gyara gashinsa. Ga zanen nan ɓaro-ɓaro, daga goshi har ƙeya. Na ce akwai, har na fara rantsuwa.

"Bar rantsuwa," in ji shi. "Wanda ya iya ce min bai tabbata ba, in ya ce ya gani na yarda."

Ya rubuta. Sannan ya gaya min tsuntsun daga Turai yake, ya ƙetare teku da sahara a kan waɗannan 'yan fukafukan, abin da bai cika tafin hannuna ba. Na tsaya ina kallon tsuntsun ina tasbihi.

Baba ya rasu tuni. Har yau in na ga ɗan tsuntsu a ciyawa ba na iya korarsa, don ban san daga ina ya taso ba, kuma ban san gajiyar da ke jikinsa ba.