Yadda Na Cinye Rabon Baba

Wata Laraba a daminar 1997, ni da Inna muka kai wa 'yan gayya fura a gonarmu ta Karakkai. Ina sauke ƙwarya sai na ga Baba ya saki fartanya ya dafe ƙirji, ya durƙushe tsakanin kunyoyin gero, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ko arba'in bai kai ba. A motar ɗaukar hatsi aka wuce da shi asibiti a Gusau.

Bugun zuciya ne, in ji likita. Inna, wadda ko sunan Baba ba ta iya faɗa don kunya, ta daure ta tambaya ko zai ga girmanmu. Likita ya ce wannan sanin Allah ne, amma ƙuruciyarsa za ta taimaka. In ya bar taba, ya riƙe magani, ya guji maiƙo, akwai kyakkyawan fata.

To, a garinmu maiƙo shi ne ƙauna, kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Da aka sallamo shi gida, kwanuka suka yi ta shigowa: tuwo yana iyo cikin man shanu, farfesun kayan ciki, soyayyiyar kaza. Kakata Iya tana tsaye a ƙofa tana cewa, "Wanga yaro ya rame, ku ba shi mai shi samu ƙarhi!" Mayar da kwano a cike cin fuska ne, Inna kuma ba ta isa ta musa wa suruka ba. Sai ta riƙa sakin asabari ta zaunar da ni bayan gado in cinye, Baba yana fama da miyar kuka marar mai yana hararata. "Ke, ko ƙashi ba ki bar mani?" Kwano ya fita a suɗe, Iya ta yi hamdala. Kafin girbi na yi ƙiba har 'yan ajinmu suka sa mini Buhun Gero. Ban damu ba. Tsoro nake ji ƙwarai, gani nake duk lomar da na bari ita za ta kashe shi.

Yanzu idan na kai shi asibiti, na'urori ake jona masa a auna zuciyarsa a ga abin da ke gaba. Inna ta riga shi tafiya, ita da ba ta taɓa ciwon kirki ba. Shi kuwa ga shi da furfura, jikoki suna ja masa gemu. Jiya ya leƙa kwanon ƙaramarsu, ya ce ita ma ko ƙashi ba ta bar masa.