Ranar da Baba Ya Ari Idanuna

Shekarun baya, lokacin da tumbina bai kai haka ba, Allah Ya nufa na raka mahaifina aikin Umara. Duk wanda ya san ni daga Tamaske har Buza ya san ba na iya ba da labari lami. In na ga kare a hanya, kafin in iso majalisa ya zama kura. In aka yi yayyafi a gonarmu, a bakina sai an nemo kwalekwale. Ni dai ban taɓa kiran abin ƙarya ba, gishiri ne.

Baba kuwa ba ya cin gishirina ko kaɗan. A lokacin idanunsa sun riga sun tafi, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawan duwatsun Adar bayan awaki, wanda in ya tsaya kan tudu zai gaya maka garin da hadari zai sauka, ya koma sai an ja masa sanda.

Bayan mun gama ibada, wani abokina ɗan Buza da ya daɗe yana aikin tuƙi a Makka ya zo gaishe mu. Cikin hira ya ce akwai wani abu a hanyar Ɗa'ifa da ake kira telefarik, akwati ne mai tagogin gilashi, rataye a igiyar ƙarfe, yana kwasar mutane daga gindin dutse har ƙololuwa. Na tuntsire da dariya, na ce ya bar mini sana'ata. Baba bai yi dariya ba.

"Ɗa'ifa ka ce? Inda Manzon Allah (SAW) ya taka da ƙafa tai?"

"Nan fa, Baba."

"To ku kai ni."

Na ce, "Haba Baba, mi za ka gani can?" Ina rufe baki na ji kunyar maganar. Shi kuwa ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Naka idanu zan ara. Amma ka ji ni da kyau, sarkin zance: in ka yi mini ƙari yau, ka makantar da ni sau biyu."

Washegari abokina ya kwashe mu a motarsa har gindin dutsen. Na ɗaga kai in ga ƙarshensa, hulata ta faɗi. Na dubi igiyar da za ta ɗauke mu, na dubi tumbina, na ce wa abokina ko za a bari in bi ta hanyar mota, mu haɗu a sama. Ya ce, "Kai da ka ce ka taɓa kokawa da zaki a Ibohamane?" Na ce wancan zakin a ƙasa yake.

Akwatin ba ya ma tsayawa sosai, tafe yake a hankali kana shiga. Muka tallafi Baba muka zaunar, ƙofa ta rufe kanta. Wani ɗan girgiza, sai ƙasa ta sake mu. Ni kuma na runtse idanuna gam, na kama Innalillahi a zuci.

"To, mi kaka gani?" in ji Baba.

Bakina dai bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ido a rufe na fara zuba: ga wani tafki can mai faɗin kasuwar Madawa sau goma, ga raƙuma farare sun fi dubu, ga dabino har ya taɓo gindin akwatinmu. Ina jin abokina yana ƙunshe dariya.

Baba ya matse mini yatsu. "Buɗe idonka."

"A buɗe suke, Baba."

"Ni za ka koya wa muryar wanda ba ya gani? Buɗe, don Allah. Ba ni da wasu."

Tunda nake ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba. Na buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba, kuma kun san ba ƙaramin abu ke sa ni faɗin haka ba. Muna rataye tsakanin sama da ƙasa, babu komai a ƙarƙashinmu sai iska. Duwatsu baƙaƙe da jajaye, kowane ɗaya ya kai rumbun gero, sun hau kan juna kamar an zubo su daga sama an manta. Muna ƙara hawa suna ƙanƙancewa, har rumbun ya koma tukunya, tukunyar ta koma ƙwayar dawa. Hanyar mota ta nannaɗe dutsen kamar rawani, kamiyo, manyan motocin kaya, na rarrafe a kanta kamar cinnaka.

Na fara faɗa masa, a hankali, abin da ke nan kawai. Na ce ga wata tsohuwar hanya ta matakalan dutse, abokina ya ce ta ayarin raƙuman da ce. Baba ya ce, "Tana da faɗi?" Na ce raƙumi ɗaya da kayansa, ban ƙara ko taƙi ba. Na ce ga birai zaune kan wani falalen dutse, uwa na yi wa ɗanta tsifa. Ya ce, "Nawa?" Na buɗe baki zan ce ɗari, na ƙirga, na ce, "Ba su cika goma ba." Ya yi murmushi. Na ce ga shaho yana shawagi, amma bayansa nake gani, don a ƙasanmu yake.

"Bayan shaho," ya maimaita. "Na tsufa ban taɓa ganin bayan shaho yana tashi ba."

Ya ce kunnuwansa sun toshe, kuma sanyi na shigowa ta ƙafafunsa. Sai muka haye wata kafaɗar dutse, duniya ta buɗe gaba ɗaya. Kwari bayan kwari, dutse bayan dutse, launinsu na sauyawa daga ja zuwa toka zuwa shuɗi, har inda ba ka iya cewa nan ƙasa ta ƙare, nan sama ta fara. Rana ta keto ta wata ɓarakar gajimare ta sauka kan fili can nesa, wuri ɗaya tak, kamar an haska shi da tocila.

"Mi kaka gani?"

Na nemi magana. Na laluba duk buhunan da nake ɗebowa a majalisa, na tarar babu wadda ta kai. Ƙaryata mafi girma ba ta kai gwiwar abin da ke gabana ba. Na yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, sai dai na ji hawaye na bin gemuna.

Baba ya saurara, ya saurara. Can ya gyaɗa kai.

"Ya isa. Na gani. Abin da ya rufe maka baki, lalle babba ne. Subhanallahi."

Da muka sauka a sama, ya ce shi fa sai ya taka dutsen da ƙafarsa. Muka bi wata 'yar siririyar hanya, ni a dama, abokina a hagu. Ni nake haki kamar tsohon injin niƙa, shi kuwa tsoho yana dafa duwatsu yana cewa wannan ya fi na garinmu santsi. Muna cikin tafiya wani farin abu ya taso daga kwari ya lulluɓe mu, har na daina ganin abokina. Baba ya tsaya, ya shafa fuskarsa.

"Ruwa aka?"

"Ba ruwa ba ne, Baba. Gajimare ne. Cikinsa muke."

Ku tuna, mutumin nan manomin Adar ne. Rayuwarsa duka kansa a ɗage take, yana leƙen gajimare, yana roƙon ya tsaya kan gonarsa. Yau ga gajimaren a cikin rigarsa, a cikin gemunsa. Ya buɗe tafukansa biyu, ya daɗe tsaye. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa baƙo magana, "In ka tashi daga nan, ka bi ta wajenmu."

Da muka dawo gida, majalisa ta cika ana jiran tsarabar baki. Na ba da labarin tsaf yadda ya faru, ban ɗora ko ƙwayar gishiri ba. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Wani ƙanen mahaifiyata ya ce, "Akwati bisa igiya! Bayan shaho! Wanga yaro ko Makka ba ta gyara shi ba." Na rantse, aka ƙara fashewa. Sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa.

"Gaskiya ya faɗa. Ni na gani."

Babu wanda ya ce masa da wane ido.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ni kuma ban tuba ba, jiya ma na kama kifin da sai da aka kira amalanke. Amma labarin dutsen nan shi kaɗai ne ban taɓa ƙara wa komai ba, don ba nawa ba ne, aro aka yi. Har yau in damina ta kama, gajimare ya taso ta gabas ya tsaya kan gonarmu, nakan ɗaga kai in ce masa sannu da zuwa, saƙon tsoho ya iso.