Sai Lallen Ya Bushe

Mace in ta miƙo mini hannu na zana mata lalle, ta zama tawa har ya bushe. Ba ta ɗaukar waya, ba ta sosa hanci, in har da ƙafa ne ko banɗaki sai ta daure. Na daɗe ina wannan sana'a a unguwar Ƙuba ta Madina ban san abin da Allah ya damƙa mini ba, sai da wata makarantar kuɗi ta taɓa mini 'ya.

Ita kaɗai gare mu. Ubanta direba ne, shi ya kafe sai makarantar kuɗi, wata a unguwar Azizya. Wai yara kaɗan ne a aji, malama ta san kowace yarinya ciki da bai, ga mota har ƙofar gida. Ni cikin Hausawan Sudan na tashi, ban taɓa zama a aji ba, aure ya kawo ni Madina. Na ce to.

Aji ɗaya lafiya lau. A aji biyu ta fara dawowa da ciwon kai, abin da aka rubuta a allo ba ta kwafo ko rabi ba. Doguwa ce kamar ubanta, don haka can baya suka ajiye ta. Na sa abaya na tafi wurin mudira, shugabar makarantar. Ofis sai ƙamshin turare, ga gahawa ga dabino. Da Larabci ta tambaye ni.

"Ya Hajja, da wane yare kuke magana a gida?"

"Hausa."

"To ga ciwon nan. Kan yarinya ƙarami ne, ba ya ɗaukar harshe biyu. Ke kin iya karatu?"

Na ce a'a. Ta ware hannuwa tana murmushi.

"Kin gani? Mu gina da safe, ku rushe da yamma."

Mace mai ofis ta faɗa, wa zai musa? Daga ranar na daina yi wa 'yata Hausa. Larabcina kuwa na kasuwa ne: nawa, rage, zo, ci, kwanta. Ba a tatsuniya da shi, ba a rarrashi da shi, ko faɗan kirki ba ya yi. Sai in zaunar da ita ina mata kitso, daga farko har ƙarshe ba mai cewa uffan. In ta tambaye ni abu da Hausa in kau da kai, har ta gaji ta bari. Haka muka kai aji huɗu. Karatu bai gyaru ba, su kuwa kowace shekara su ciyar da ita gaba, a haɗo ta da alewa da balan-balan.

Na ce saura laifi na biyu, jahilcina. Na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a makarantar gwamnati ta unguwarmu. Mu ne tsofai-tsofai a kujerun yara, gwiwa na dukan tebur. Ba wanda zan bar wa yarinyar, sai in tafi da ita ta zauna gefena. Malamarmu wata siririya ce mai faɗa, tun safe take fama da yara, muryarta duk ta dushe. Rannan tana rubutu ta juyo, ta tsaya tana kallon 'yata.

"Ke, me kike matse ido haka? Taso."

A gaban allo yarinya ta karanta. Malama ta ce ta ja baya. Ta ja, karatu ya tsaya.

"Hajja, gobe ki kai ta likitan ido. Yarinyar nan ba ta ganin allo."

Shi ke nan ciwon. Matar da yarinyar ba ma 'yar ajinta ba ce ita ta gano shi da juyowa ɗaya.

Aka yi mata tabarau. Washegari ta hau motar makaranta, na tsaya a ƙofa kamar kullum. Da ta dawo ta ce mini, da Larabci, "Ummi, ashe hannu kike ɗaga mini?" Shekara da shekaru ina ɗaga mata hannu ba ta mayarwa, ni kuwa na ɗauka kunyata take ji a gaban ƙawaye.

Na mayar da ita makarantar gwamnati, ubanta bai hana ba. Na koma wurin mudira don ta ji. Ta ce alhamdulillahi da aka gano, duba ido kuma ai aikin iyaye ne. Ta turo mini farantin dabino. Ban ɗauka ba.

Daga nan na fara da matan da ke zuwa lalle. Ba na tambaya sai na gama hannu na biyu. Sannan in ce, "Ina 'yarki take karatu?" In ta ambaci makarantar nan, sai in gyara zama in ɗauko daga farko, da turaren da dabinon, ba na tsallake komai.

Wata ta ce, "Hajja, ai kin ba ni labarin nan a ƙaramar Salla."

Na ce, "Wancan lallen ya goge, wannan sabo ne."

Ban taɓa yi musu ƙari ba. Ta gwamnatin ma ina faɗin nata: aji a cushe, na'urar sanyi yau lafiya gobe ciwo, malamai da tsawa, kuma da ƙafarki za ki kai 'yarki ki ɗauko. Na san akwai makarantun kuɗi na kirki, ba da su nake ba. Wasu matan suka cire 'ya'yansu. Wata ta ce mijinta ya fi son maƙwabta su ga motar a ƙofarsa, na ce Allah ya bar shi da motar. Yanzu in motar ta ratsa layinmu kujerun sun fi kawunan yawa, kuma ina tsayawa in kalla.

Bara aka kira ni lallen biki a unguwar Anbariyya, gidan jikokin alhazan Kano da suka daɗe da zama 'yan ƙasa. Ina cikin aiki da rana sai ga mudira, ashe gwaggon amarya ce. Ba ta gane ni ba. Ta zauna ta miƙo hannu. Wata tsohuwa daga kan gado ta ce mata da Hausa, "Ke, kin ci abinci kuwa?" Ta amsa, "Na ci, Inna." Hausa tas, ba gargada.

Ashe nata kan ya ɗauki biyu.

Ban taɓa zane mai kyau irin na ranar ba. Hannu biyu har gwiwar hannu, ƙafa biyu har idon sawu, siriri, mai jinkirin bushewa. Da na ajiye, na juya wajen matan ɗakin na ba da labarin da Hausa. Ina zuwa kan gina da safe rushe da yamma, mudira ta yunƙura.

"Zauna, Malama, bai bushe ba. In ya ɓaci gobe a wurin biki ni za a zaga."

Tsohuwar ta ce, "Wace marar mutunci ce ta gaya miki haka, 'yar nan?"

"Wata mai ilimi ce, Inna. Mu da ba mu yi karatu da wuri ba, suna ba ya zauna mana."

"In tana da uwa a raye, ta ji kunya."

Mudira ta zauna hannuwa a sama, gumi na bin wuyanta ba halin sharewa, har na kai ƙarshe. Ni na kankare mata da kaina. Ya kama ja wur.

Da na dawo gida na tarar da 'yata tana karatu, yanzu ta zama budurwa, ba ta da na biyu a ajinsu. Na zauna na ba ta labari da Hausa. Tana gane rabi, rabi sai na maimaita. Ta cire tabarau ta goge, ta ce mini da Larabci abin ya isa haka, in bar matar nan.

Na ce, "Faɗa mini da Hausa, in bari."

Ta buɗe baki. "Inna, ya…" Ta tsaya tana laluben sauran. Na jira, ban taya ta ba. Can ta yi dariya ta ƙarasa da Larabci.

Na tashi na jiƙa lalle. Washegari ina da amarya a Azizya, bayan makarantar kaɗan.