Hannun Mijina a Idon Usta Shahata

A garinmu Mit Gamar ba sai ka tambayi mutum aikinsa ba. Miƙa masa hannu ku gaisa, abin da ka samu na yatsu shi zai gaya maka injin da yake tsayawa a kai. Nan aka haife ni, cikin ƙarar buga tukwane da faranta na alminiyon na girma, nan kuma na auri Bahjat, mai saka wa babban inji faifai a masana'antar Haj Mitwalli. Amma ba labarin mijina zan ba ku ba. Na Usta Shahata ne, mutumin da ke tsayawa a gefensa; Usta kuwa laƙabin ƙwararren ma'aikaci ne a wajenmu.

Ƙananan injina mutum ɗaya ke aiki da su. Ya ɗauki faifan alminiyon da awartaki ya saka, ya taka da ƙafa, kan injin ya sauko ya buga murfin tukunya. Masu gaggawa kan ajiye awartakin su sa yatsa, su ne masu gaisawa da rabin hannu. Daga baya Haj ya sayo wani inji mai jan ƙarfensa da kansa daga naɗi, ba ruwansa da hannun kowa. Babban injin kuwa, na manyan farantan biki, ya ƙi duk wannan. Faifansa ƙato ne, ga shi siriri, ga santsin mai, awartaki lanƙwasa masa baki yake yi. Dole mutum ya rungumo shi, ya zura hannu biyu har gwiwa a ƙarƙashin kan injin, ya daidaita, ya janye. Shi ya sa sandar da ake ja take can gefe, a hannun wani. In mai sakawa ya janye sai ya ɗaga murya ya kira sunan Allah, ya ce, "Ya Sattar!" Sai mai sanda ya ja. Haka muka tarar ana yi.

Mai sandar Bahjat shi ne Usta Shahata, tun kafin aurenmu. Gajere ne, yana rina gashin bakinsa baƙi ƙirin alhali kansa fari fat, kuma bai ga abin dariya a ciki ba. Daga wani ƙauye a hayin kogi ya zo yana saurayi. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai sake aure ba, sai ya ɗauko ƙanwarsa da mijinta ya mutu da 'ya'yanta yana ci da su. Muddin hannunsa na kan sanda ba ya shan shayi, ba ya amsa sallama, ko ta Haj ce. Wasu na cewa girman kai ne. In aka tashi aiki kuwa sai ya hau rufin gidansa wajen tattabarunsa, nan za ka ga haƙoransa.

Ni ban taɓa sakin jiki da shi ba. Ta ina? Kullum mijina ya fita da safe na san abincinmu da hannun da ke ɗaukar yarana suna ƙarƙashin ƙarfe, kuma wani ne ke riƙe da sandar.

Wata Juma'a Bahjat ya gayyato shi cin miyar lalo da zomo. Yana tsaye bakin taga ya ba ni baya, yana kallon tattabarun maƙwabta, sai babban faranti ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa a bayansa. Yara suka zabura, maƙwabciya ta leƙo tana tambayar lafiya. Usta Shahata ko motsi bai yi ba. Yana fita na tare mijina, uban ɗanmu Tarik.

"Abu Tarik, mutumin nan ba ya ji."

"Wa ke ji a layinmu? Ni ma rabin faɗanki ba ya shiga kunnena, alhamdu lillahi."

"Kada ka maida ni abokiyar wasanka! To wa kake yi wa ihun Ya Sattar? Bango?"

Ya riƙa juya kofin shayi. Ashe ya sani, ya daɗe da sani. Na ce gobe ya je ya gaya wa Haj a sake masa mai sanda. Ya ce in ya faɗa, Haj zai sallami Usta, kuma wa zai ɗauki tsoho kurma? Ƙanwarsa da marayun su ci me? Na ce to mu mu ci me in ya dawo mini dungu? Ya ce, "Ban taɓa jin tsoro a gabansa ba, Ummu Tarik." Na ce shi ne matsalar, tsoron duka ni aka bar wa.

Tunda mijina ya ƙi, na saka mayafina na hau rufin Usta Shahata da kaina. Na same shi yana watsa wa tattabaru hatsi. Na tsaya a gabansa sosai don ya ga bakina, ban yi wani kwana-kwana ba.

"Kawu Shahata, ba ka jin kiran mijina."

Na zaci zai musa. Sai ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Tun kina goyon Tarik na daina jinsa, 'yata."

Tarik kuwa a lokacin har ya shiga makaranta. Na nemi bulo na zauna.

"To da me kake jan sandar, don girman Allah?"

"Da ido. Kira ai na al'ada ne. Mutum yana iya kira hannunsa bai gama fita ba, na ga wanda ya yi. Ni sai na ga yatsu a waje, na hannu biyun, kafin in ja." Ya murza gashin bakinsa. "Na fi ki sanin hannun mijinki. Ranar da ya ci dafaffen wake na ful ya ƙoshi na sani. Ranar da kuka yi faɗa da safe ma na sani, hagunsa jinkiri take yi, sai in jira ta."

"Kai, Kawu! Har asirin gidana kake karantawa?"

"Duk sati sau biyu kuwa. Ki taimake ni ki riƙa ajiye faɗan sai ya dawo da yamma."

Na so in ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mini. Tun daga ranar na koma yin faɗana da yamma, Bahjat har yau bai san dalili ba. Hankalina ya ɗan kwanta, ba duka ba. Na riƙa tunanin mutumin nan da ya shekara da shekaru yana kallon hannun wani daga safe zuwa la'asar, ba ya ɗauke ido ko ƙuda ya sauka masa. Ba a rubuta sunansa a jikin faranti ko ɗaya ba. In aiki ya yi kyau Bahjat ake yabo, wai hannunsa da sauri.

Haka muka ƙara wasu shekaru. Sai ciwon suga ya kama Usta. Ya rame, gashin bakin ya daina samun rini daidai, gefe baƙi gefe toka. Na lura in zai ɗauki kofi sai ya lalubo shi da yatsa tukuna. Tsorona ya dawo sabo. Na yi niyyar in sake hawa rufin nan, ina ta shirya abin da zan faɗa, don wannan karon ban san amsar da zai ba ni in yi dariya ba.

Ban kai ga hawa ba. Abin da ya faru a masana'anta Bahjat ne ya ba ni labarinsa daga baya. Wata safiya ya saka faifai, ya janye, ya yi kira. Inji bai sauko ba. Ya sake kira. Ya waiga ya ga Usta ya saki sanda, ya rungume hannuwansa a ƙirji.

"Ɗaga hannunka sama, Bahjat."

Ya ɗaga.

"Buɗe yatsun."

Ya buɗe. Usta ya ƙura ido, ya matso, ya ja baya. Ya ce, "Na ga hannu biyu. Ban ga yatsu ba."

Ya ɗauki rigarsa a jikin ƙusa. Bahjat ya bi shi har titi yana roƙo, wai hasken wurin ne, wai za su sa fitila, wai zai ɗaura igiya a tsakaninsu ya riƙa ja. Usta ya ce, "Da kunne ya tafi na rufa wa kaina asiri da ido. Yanzu da me zan rufa? Da hannunka?" Babu wanda ya kore shi, babu ma wanda ya gane tukuna. Zai iya yin wata shekarar yana ja da ƙiyasi, kuma a gidansa akwai bakuna da ke jiran albashin nan.

Ni ina gida ina tsince shinkafa na ji ana buga ƙofa, rana ko tsaka ba ta yi ba. A garinmu in aka buga wa matar mai inji ƙofa a wannan lokaci, ta san abin da ake kawo mata. Na tashi da salati, shinkafa ta watse. Na buɗe na ga Usta Shahata riƙe da wuyan hannun mijina, kamar ya kamo yaro ya gudu daga makaranta. Ya ja hannuwan Bahjat biyu ya ɗora su a kan nawa.

"Ummu Tarik, ƙirga kayanki."

Na ce, "Kawu, lafiya?"

"Ƙirga, na ce. Ni ba na iya gani."

Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk baƙin mai, hawaye na zubo mini. Na ɗaga hannuna kusa da fuskarsa na nuna masa sun cika. Ya gyaɗa kai ya ce, "To alhamdu lillahi. Na sauke."

Da bakina ya buɗe, abin da ya fito kawai shi ne ya shigo ya ci abinci. Amma ya riga ya juya, yana sauka matakala a hankali, hannunsa na bin bango. Na ƙwala masa kira sau biyu, bai waiwayo ba.